Zama a Jirgin Ruwa a Ingila: Tambayoyin Mutanen Katsina da Amsoshinsu

Bidiyoyin Turawan da ke zaune cikin siraran jirage a kan kanal-kanal (hanyoyin ruwa) na Ingila sun cika wayoyin mutane. Da yake yaranmu da dama suna neman tafiya karatu can, maganar ta tashi daga kallo ta koma shawara: a zauna a jirgi mana, tunda an ce ya fi haya sauƙi. Na yi karatu a Bamingham, a unguwar da kanal ya ratsa, na yi maƙwabtaka da masu irin wannan zama, na kuma bi su tafiya. Shi ya sa tambayoyin suke zuwa wurina, a majalisa, ko wurin ɗaurin aure, ko ta WhatsApp. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, na bar su yadda aka yi mani su.

Malam, wai waɗannan ruwayen koguna ne, ko mutane suka haƙa?

Akasarinsu haƙa su aka yi, da diga da shebur da baro, tun kafin a san jirgin ƙasa. Wanda aka fi ambata a matsayin mafari shi ne kanal na Bridgewater, da aka buɗe a 1761 don kai kwal daga Worsley zuwa Manchesta, James Brindley ne injiniyan aikin. Da kwal ya fara isa gari ta ruwa farashinsa ya faɗi da kusan rabi, sai masu kuɗi suka yi ca a kan haƙa. Doki ɗaya ke jan jirgi mai kaya kusan tan 30, yana tafiya a gefen ruwa da igiya. Wannan 'yar hanyar dokin tana nan har yau, ita masu keke da masu tattaki suke bi.

Jirgin ƙasa ya zo ya karya kasuwar, manyan motoci suka ƙarasa. Gwamnati ta karɓe kanal-kanal ɗin a 1948. Sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa na makonni, jiragen kaya suka tsaya cak, 'yan kasuwa suka koma wa mota ba su waiwayo ba. Masu sha'awa ne suka hana a cike su da ƙasa: tun 1946 suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association, suna fita ranakun hutu suna yashe laka da hannunsu. Yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wels, da jirage masu lasisi sama da 30,000. Ɓangaren kogin Tems na sama da Landan yana hannun wata hukuma dabam, Environment Agency, da nata lasisin.

Me ya sa jiragen suke siraru haka, ga tsawo?

Hanyar ce ta tsara su. Mashigan hawa tudu da aka gina a zamanin Brindley faɗin ƙafa 7 gare su, saboda haka jirgin ba ya wuce ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da 'yan kai. Tsawo kuwa yana kai ƙafa 70 ko 72. Ciki zaure ɗaya ne miƙaƙƙe: gado, makewayi, kicin, wurin zama, kowanne bayan ɗan'uwansa. In mutum biyu suka haɗu a tsakiya sai ɗaya ya karkace. A da can ma kaya ke cinye jirgin, iyali gaba ɗaya suna cushe a ɗan ɗaki a baya, har sai da majalisa ta yi doka a 1877 kan yawan mutanen da za su kwana a ciki.

Gudunsa fa?

Iyakar da aka yarda mil 4 a awa, kilomita 6 da rabi ke nan, kuma ba kasafai ake kai ta ba. Katsina zuwa Daura, da muke yi cikin awa guda da 'yan mintuna, a irin wannan jirgi tafiyar kwana biyu ce ko uku. Mai tattaki da sauri yana iya wuce ka ya ɗaga maka hannu.

Na ga jirgi yana hawa tudu a bidiyo. Siddabaru ne?

Ba siddabaru. An yanka kanal ɗin hawa-hawa ne, tsakanin hawa da hawa akwai dogon rami ginanne da bulo, da ƙofa a kowane ƙarshe. Shi ake ce wa lok. Ka shigar da jirgi, ka rufe ƙofar baya, ka hau sama da wani lanƙwasasshen ƙarfe da kowane jirgi yake da shi, ka murɗa ka buɗe kafar ruwa. Ruwan hawan sama ya kwararo, ramin ya cika, jirgi ya taso tare da shi. In ruwan ciki ya yi daidai da na gaba, sai ka jingina bayanka da doguwar gungumen ƙofar ka tura da ƙafa. Kafin su daidaita ko ƙarti goma ba su buɗe ta. Saukowa kuma akasin haka.

Kowane wucewa yana zubar da ruwa wajen lita 100,000 zuwa ƙasa, shi ya sa ake jin haushin wanda ya ga jirgi na tahowa ta ɗaya ɓangaren amma ya juye lok don kansa. A Tardebigge, kudu da Bamingham, lok 30 ne a jere cikin mil biyu da ɗoriya. Wunin ranar nasu ne. Babban hatsarin yana wajen saukowa. Akwai dakali a ƙarƙashin ƙofar sama, ruwa ya rufe shi. In ka bar gindin jirgi a kansa ruwa ya janye, baya ya maƙale, gaba ya nutsa, cikin minti biyu gidanka yana ƙarƙashin ruwa. An shata farin layi a bango don wannan, kuma duk shekara sai an sami wanda hira ta ɗauke wa hankali.

Ranka ya daɗe, ɗana ya ce in tura masa kuɗi ya sayi jirgi, wai ya huta da haya. In tura?

Alhaji, a dakata tukuna. Gaskiyar yaron ita ce haya a Landan ta yi tsadar da ta kori mutane da yawa zuwa kan ruwa. Abin da bai lissafa ba shi ne jirgi mai lafiya kuɗinsa dubban fam ne gommai, kuma sayen shi ne somin-taɓi. Akwai lasisi duk shekara, wanda ga matsakaicin jirgi yakan haura fam 1,000. Akwai inshora, dole ce. Akwai takardar binciken lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4. Duk shekara biyu ko uku sai an fitar da shi daga ruwa an kankare gindin an shafe shi da baƙin fenti saboda tsatsa. Ga man dizal, ga tukunyar gas, ga kwal, ga batura masu mutuwa. Gida yana ƙara daraja yana zaune. Jirgi ƙarfe ne a cikin ruwa, kullum ci yake yi.

In kuwa ya ce ya sami mai araha, to nan ne wurin tsoro. Ba a sayen jirgi sai ƙwararre ya sa an ɗaga shi sama ya auna kaurin ƙarfen gindin. Wanda ya ƙi a yi wa jirginsa haka ya san abin da ya ɓoye. Haya ma akwai tarko: ba kowane mai jirgi doka ta yarda ya ba da haya ba, sai mai lasisin kasuwanci, kuma wanda ya shiga ta bayan fage ba shi da inda zai kai ƙara ranar da aka watso masa kaya.

Ra'ayina, ɗalibin da ya je karatun shekara ɗaya ba shi da lokacin wannan aiki. Wanda zai daɗe, mai son gyare-gyare da hannunsa, wannan maganarsa dabam.

To a ina ake ajiye shi? Ko'ina mutum ya ga dama?

Hanya biyu ce. Ko ka kama matsayi na dindindin a tashar jirage ka riƙa biya, wanda a manyan birane kuɗinsa yana neman kamo na ɗaki, kuma samunsa sai da layi. Ko ka karɓi lasisin mai yawo. Dokar 1995 ta ce wanda ba shi da matsayi kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaske, ba ka matsa gaba kaɗan ka dawo ba. Ma'aikatan hukumar suna bin gefen ruwa suna ɗaukar lambobin jirage. Wanda aka ga yana zagaye unguwa ɗaya sai a rage masa tsawon lasisi, in ya ƙi gyarawa a hana shi, daga nan kotu. Tun Afrilun 2024 ma an fara ɗora wa masu yawo ƙarin kuɗi a kan lasisi, abin da ƙungiyoyinsu suke ta ƙorafi a kai.

Zaman nasu ya yi kama da na Fulanin tashi: ba a gama sabawa da mashaya ba an naɗe kaya. Sai dai shi wannan yana da aji ƙarfe tara na safe, kuma makon nan tashar jirgin ƙasa tana kusa, mako mai zuwa sai ya yi tafiyar rabin awa cikin taɓo kafin ya kai titi.

A gafarce ni, Malam. Bayan gida fa, cikin ruwan ake yi?

Ko kusa. Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce masu bidiyo suke tsallakewa. Zuba bayan gida a kanal laifi ne, kuma maƙwabtan jirgi za su riga hukuma yi maka ca. Mu kam ba baƙon hukunci ba ne gare mu, tunda ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ruwan kanal kusan a tsaye yake.

Makewayin jirgi iri uku ne. Wanda ya fi yawa shi ne mai kaset: wata 'yar tankin roba mai cin lita 20 ko ƙasa da haka, a ƙarƙashin mazauni. In ta cika ka zaro ta, ka ɗauka da hannunka ko ka ɗora a baro, ka tura zuwa wurin juyewa da ake kira Elsan. Ɗan ɗaki ne na bulo a bakin ruwa, a kulle, kowane mai jirgi yana da makullinsa. Ciki akwai rami mai murfi da famfo. Ka kwance bakin kaset, ka danna maɓallin iska don kada ta yi maka tsartuwa a fuska, ka juye, ka ɗauraye sau biyu ko uku, ka wanke wurin don na bayanka. Tiyon da ke ɗakin nan ba ya taɓa kusantar tankin ruwan sha. Farfesa da lebura duk layi ɗaya suke bi, kowa da tasa a hannu, ana hirar yanayi.

Na biyu babban tanki ne a cikin jirgin, yana ɗaukar makonni, in ya cika a kai jirgin wurin injin zuƙa a biya kuɗi. Ya fi rufin asiri, amma ranar da ruwa ya daskare jirgi bai motsi, tanki kuma ya cika, ka shiga uku. Na uku shi ne mai raba fitsari da bahaya, ana zuba garin katako a busar. Ya yi tashe sosai, sai mutane suka riƙa ƙulle shi a leda suna jefawa a kwandon shara tun bai zama taki ba. Daga ƙarshen 2021 hukumar ta hana a zuba shi a kwandunanta. Wanda ba shi da filin da zai ajiye shi ya ruɓe, wannan bai dace da shi ba.

Ga abin da babu Baturen da zai gaya wa ɗanka. Lissafinsu na cewa kaset tana yi wa mutum biyu kwana biyu ko uku, na masu goge-goge da takarda ne. Mu da buta muke shiga. Duk ruwan tsarki cikin kaset ɗin yake tafiya, saboda haka tamu ta fi saurin cika nesa ba kusa ba. Musulmin da zai zauna a jirgi ya tanadi kaset biyu ko uku, ya kuma san inda wurin juyewa na gaba yake kafin ya ɗaure igiya, don wani lokaci sai ka isa ka tarar wani ya toshe ramin da tsumman goge jarirai, na gaba kuma yana mil biyar.

Ruwan wanka da na wanke-wanke fa? Da na sha?

Wannan an yarda ya fita kai tsaye cikin kanal, shi ya sa masu hankali suke zaɓen sabulu mara ƙarfi, kuma ba su tuttular da man girki ta wurin wanke kwanoni. Ruwan da ya taru ƙarƙashin inji ya gauraya da baƙin mai kuwa, sai a tsotse shi a jarka a kai inda ake karɓa.

Na sha yana cikin tanki a gaban jirgi, lita ɗari-ɗari, ana cika shi a famfunan bakin ruwa da kuɗin lasisi ya ɗauke. Babu ɗan garuwa da zai turo maka kura. Jirgin gaba ɗaya za ka tayar ka kai wa famfo, ka bi layi, ka cika, ka matsa nan take. Ɗaure jirgi a bakin famfo a tafi kasuwa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo faɗa. Ɗan Katsina dai ya san tattalin ruwa da lissafin batir da sola tun daga gida, a nan ba a fi shi ba.

Shara fa, wa ke kwashewa?

Kai. Akwai wuraren da aka tanadi manyan kwanduna, galibi a kewaye da makulli, kuma tsakanin wani da wani akwai tazara. Sai ka tara a leda a kan rufin jirgi ko a gaba, kana gadin ta daga ɓeraye da dila. Kwandunan na sharar gida ne kawai. Tsohuwar katifa, mataccen batir, baƙin mai, tukunyar gas, waɗannan sai ka nemi jujin ƙaramar hukuma, kai da ba ka da mota. Tokar murhu a bar ta ta huce a bokitin ƙarfe, amma a waje, don toka mai zafi tana fitar da iska mai guba. Inda mutanen gari suka mayar da kwandunan bola, hukumar takan gaji ta ɗauke su gaba ɗaya, masu jirgi su kwana a ciki.

Kada kuma a ɗauka ruwan Turawa tas yake. A cikin birane akwai leda, da tayoyi, da kekunan kanti da 'yan iska suke turawa daga kan gada. Leda ko igiya ta naɗe farfela sai jirgi ya daina jin tuƙi. A nan za ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe wata 'yar ƙofa da ke saman farfelar, ka zura hannu har kafaɗa cikin ruwan da ke sa yatsu su mutu, kana yanka da wuƙa kana zarowa. Wanda ya yi wannan sau ɗaya a watan Janairu ba ya sake jefa leda a ruwa. A tabbata an mayar da murfin an ɗaure tam, don jirage sun nutse ta wannan kafa.

Yaya ake yi da gadoji? Na ga wasu kamar za su taɓa ruwa.

Gadojin bulo na da, masu baka, jirgi ɗaya suke ɗauka, da ɗan rarar da ba ta kai taku ba a kowane gefe. Wanda ya fi kusa shi ke fara shiga, ɗayan ya ja baya ya jira. A kan ruwa hannun dama ake bi, duk da motocin Ingila hagu suke bi. Da yawa an gina su a kan kwana, ba ka ganin mai tahowa, sai a rage gudu a yi hon. Gwanaye sukan sassauta inji daidai ƙarƙashin gada, don nan tarkace suka fi taruwa. Galibin gadojin da lambarsu a jiki, kuma ita ce adireshin mai jirgi: in ka kira makanike ko motar asibiti, ka ce kana kusa da gada ta kaza a kanal kaza.

Wanda ya duba kusurwar tsohuwar gada zai ga ƙarfen da aka kafa a jiki ya yi zurfafan tsagi. Igiyar dawaki ce, jiƙaƙƙa da yashi, ta ci shi a hankali. A kanal na Stratford akwai gadojin da aka bar 'yar tsaga a tsakiyarsu don igiya ta wuce ba sai an kwance doki ba.

Sai tsayi. Mai jirgi dole ya san tsayin jirginsa daga ruwa, har da bututun hayaƙi da faifan sola da buhunan kwal da ya jibga a rufi. Gadar Osney a Oksfod ƙafa 7 da rabi ce kawai daga ruwa, ita ke hana manyan jirage haurawa saman Tems. A kogi kuma in an yi ruwan sama ruwa ya taso, gadar da ka wuce jiya yau ba ta wucuwa.

Waɗanda ka ga kamar za su taɓa ruwa su ne masu buɗewa. Wasu juyawa suke yi gefe, sun yi yawa a kanal na Leeds zuwa Libaful. Wasu ɗagawa ake yi sama, irin na kanal na Oksfod da na Llangollen. Babu ma'aikaci a yawancinsu, kai ne ma'aikacin. Na cikin gonaki da ƙarfinka za ka tura ko ka ja sarƙa. Na kan titi da lantarki suke aiki: ka sa makullin nan na hukuma, ka danna, ƙararrawa ta kaɗa, shinge ya sauko ya tare motoci, gada ta buɗe. Makullin ba ya fita sai ka mayar da komai yadda ka same shi. Wasu an kulle su a lokacin tafiya aiki da tashi, kada a tara motoci. Wahalar tana kan mai tafiya shi kaɗai, don sau da yawa abin buɗewar yana tsallaken da ba wurin ɗaure jirgi. Ya buɗe gada, ga shi a wannan gefe, jirginsa a wancan. Akasari jira ake yi wani jirgi ya zo a taimaki juna, ko a roƙi mai wucewa. Gadar manomi kuwa, in ka bar ta a buɗe ka raba shi da shanunsa.

Ita ma babbar gadar Landan ɗin nan ana buɗe wa kowa?

Tower Bridge, wadda aka buɗe a 1894. Ana ɗaga ta kyauta ga jirgi mai tsayin da ba zai wuce ta ƙasa ba, in ya ba da sanarwa awa 24 kafin nan. Siririn jirgin kanal ta ƙasa yake wucewa, ba wanda ya san ya zo.

Ni dai sanyi nake ji wa yaron nan. Ba zai daskare ba?

Hajiya, in murhu yana ci, cikin jirgi ya fi ɗakunan haya da yawa ɗumi. Akwai jiragen da ke yawo suna sayar da kwal da gas da dizal, har bakin taga. Wuyar tana ga asuba in wuta ta mutu, da dawowa daga makaranta cikin dare a tarar da ƙarfe ya yi sanyi ƙalau, ga raɓa tana tsiyaya a tagogi. Abin tsoron na gaske shi ne iskar nan mai guba mara wari, irin wadda hayaƙin janareta yake kashe iyali da ita a nan gida. Tun 2019 dole ne jirgi ya kasance da na'urar da ke ƙara in ta ji ta. A gaya masa kada ya toshe kafofin iska don jin sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ana rufe wasu sassa don gyara, a shekarar da aka yi fari ma akan rufe saboda ƙarancin ruwa.

Salla fa? Alƙibla ba ta rikicewa?

Tana canzawa duk inda aka ɗaure, sai a duba da waya ko kamfas. Daga Ingila kudu maso gabas take. Ruwan a kwance yake, ana tsayuwa lafiya lau. Matsalar faɗi ce: in alƙibla ta faɗo a gicciye, dogon mutum sai ya nemi inda babu kabad, jam'i kuwa sai a fita gefen hanya. Alwala a yi da ruwan tanki. Na kanal yana ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, mai shiga ta ciwo ko ido. Kada kuma yaro ya ce shi matafiyi ne kullum. A mazhabarmu ta Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru, shi kuwa 14 yake yi, tafiyar tasa ma ba ta kai nisan ƙasaru ba.

Mutum zai iya jefa ƙugiya ya sami na miya?

Sai da lasisin kamun kifi da izinin masu wurin, kuma a kanal mayar da shi ruwa ake yi. Agwagin da ke zuwa bakin taga ma ba na yanka ba ne.

Akwai zumunci tsakaninsu, ko kowa tasa ta fisshe shi?

Akwai, fiye da na cikin gari. Baturen da ba zai gaishe ka a titi ba, a kan ruwa sai ya ɗaga hannu, ya kama maka igiya, ya ara maka sifana. A Landan saboda cunkoso jirgi yakan ɗaure a jikin jirgi, sai ka taka ta gaban na maƙwabci kafin ka sauka, dole a san juna. Suna da zaurukan Facebook da WhatsApp inda ake sanar da famfon da ya lalace da inda ɓarayi suka addaba. Farkon Mayu akwai bikin jirage a unguwar Little Venice da ke Landan.

Zumuncin yana da sharuɗɗa. In za ka wuce jiragen da ke ɗaure ka sauke gudu ƙasa sosai, in ba haka ba igiyar ruwanka ta girgiza su ta kifar da tukunyar wani. Ba a kunna inji ko janareta a tsaye daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Akwai kuma 'yar tsama tsakanin masu jiragen hutu masu ƙyalli da waɗanda jirgin ne kaɗai gidansu, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ke ɓata wuri.

Me zai hana a yi irin wannan a nan jihar?

Ruwan. Kogunanmu na damina ne, da rani yashi ne. Abin da muke da shi madatsai ne, Zobe a Dutsin-Ma, da Jibiya, da Ajiwa, da Sabke da Daberam a ƙasar Daura, da Mairuwa a Funtuwa, kuma ba wanda ya haɗu da wani. An gina su don sha da noman rani. Zaman dindindin a kansu ba shi da ma'ana. Yawon shan iska na awa ɗaya ko biyu kuwa mai yiwuwa ne, ana ma yi. Abin da za mu ɗauko daga can shi ne tsarin, tun kafin jiragen: wurin hawa ginanne, makewayi nesa da bakin ruwa, kwandon shara da mai kwashe shi. Ruwan Ajiwa shi ke zuwa famfunan birnin Katsina. Ledar fiya wata da aka jefa a can, da baƙin man da aka wanke, namu ne.

Yara suna son shiga kwale-kwale da salla. Mu bar su?

Da sharaɗi, ɗan'uwa. Ba mu manta da Mayun 2022 ba, lokacin ƙaramar salla, da kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aka rasa rayuka fiye da goma, yawancinsu yara. Kafin nan a ƙarshen Nuwamban 2021 an yi na Bagwai a jihar Kano, akasari ɗaliban Islamiyya. Abin da ke kifar da jiragenmu sananne ne: lodi ya wuce kima, ba rigar kariya, jirgi ya tsufa, ga tafiyar yamma. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar, amma ba ta da ma'aikaci a bakin kowane dam. Saboda haka babba ya raka su. Ya tambayi mai fito mutum nawa jirginsa yake ɗauka ranar da ba salla ba, kada a ƙara ko ɗaya. In ruwa ya kusa bakin jirgin tun ba a tashi ba, a sauke yara ko an biya. Kowa ya zauna, ba tashi ɗaukar hoto. A nemi Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su suka san inda kututture da rami suke. A hana wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya, a kuma tambayi lafiyar hanya kafin a kama ta.

In Allah ya kai ni Ingila, ta ina zan ɗanɗana ba tare da na saya ba?

Akwai kamfanonin da ke ba da hayar ƙaramin jirgi na wuni ɗaya, ko babba na mako. Ba a neman lasisin tuƙi. Za su nuna maka yadda ake yi kafin ka tashi. Sandar tuƙin a baya take, in ka tura ta hagu jirgi ya yi dama, kuma ba birki sai dai ka sa inji baya. Ku je ku uku ko huɗu don a sami masu sauka buɗe lok da gada, a sa takalmi mai kama ƙasa, a naɗe babbar riga a bar ta a jaka. Wanda kuma yake tunanin zama na dindindin, ya yi gwajinsa a watan Nuwamba, kuma ya roƙi a bar shi ya kai kaset wurin juyewa da kansa.